Ranar da Gangata Ta Yi Ƙarya

Mutanen da ba su san kiɗan noma ba suna zaton mai waƙa ne ke jan ƙungiya. Shi ne a gaba, shi ne mai babbar riga, shi ake nunawa da yatsa. Mu da muka tashi a ciki mun san ba haka abin yake ba. Ganga ce ke fara magana, mai waƙa ya bi bayanta. Duk manomin da ya isa a kira shi manomi yana da takensa, wato ɗan guntun kiɗa da aka yanka masa shi kaɗai, wanda ko yana bayan rumbu ya ji shi zai san da shi ake. Mai ganga ne ke duba taro, ya hango wane ya shigo, ya kaɗa takensa. Mai waƙa yana jin take sai ya ɗauko waƙar mutumin daga inda ya ajiye ta a kansa. A wannan tsari na rayu, kuma da shi na rama abin da aka yi wa mahaifina.

Mahaifina mai ganga ne a Bodinga. Shi da mutumin da duk muke kira Maigida suka fara tun suna samari, su biyu rak, murya ɗaya da ganga ɗaya, suna bin gonaki a ƙasa. Maigida Allah ya ba shi murya da saurin baki. Mahaifina kuwa hannu aka ba shi da ido. Ya san manoman ƙasarmu da 'ya'yansu da irin tafiyarsu, tun mutum na can nesa bai wuce tsawon yatsa ba zai ce wane ne. Da suna ya fara fita sai aka ƙaro mai kazagi, ƙaramar gangar nan mai kaifin murya da ke riƙe wa kowa ƙafar kiɗa. Daga baya aka samu mai kalangu don ado, aka samu 'yan amshi masu karɓar waƙa, aka samu sanƙira mai ihun godiya idan an yi kyauta. Ƙungiya ta cika. Ita kuwa cikar ƙungiya tana da wani hali: tana tura mai waƙa gaba, tana tura sauran baya. Kafin in yi wayo, abokin mahaifina ya zama Maigida, mahaifina ya zama ɗaya daga cikin yaransa, da furfurarsa da komai.

Ni kazagi aka ba ni. Aiki ne marar yabo. Ba ka da ado, ba ka da hutu, ba mai waiwayarka sai ranar da ka kuskure. Amma idan kazagi ya tsaya, ganga ta ɓata, amshi ya watse, manoman da ke sara da galma a jere ƙafafunsu su harɗe. Na riƙe shi har na yi aure, har aka haifa mini 'ya ta fari.

A daminar da abin ya faru, hannun mahaifina ya fara rawa. A gida muka fara gani, idan ya ɗauki ludayi sai koko ya zuba masa a riga. Bai taɓa magana a kai ba, mu ma ba mu yi ba. Abin mamaki, da ya rataya ganga ya kama gula, wato sandar kiɗa, sai hannun ya natsu kamar an ɗaure shi. Don haka muka ci gaba da fita.

Gayya ce aka yi a wata babbar gona wajen Danchadi, da hantsi, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi. Manoma sun jeru, mata na gefe da ƙoren fura. Wani babban manomi ya iso a makare, mahaifina ya hango shi ya ɗaga hannu zai kaɗa masa take, sai gula ta suɓuce ta faɗa cikin kwarin kunya. Ya sunkuya da ganga a kafaɗa zai ɗauka, hannun ya ƙi kama ta. Wasu samari suka yi 'yar dariya. Da an bar ta nan, da ta mutu kafin a kai ƙarshen kunyar. Amma Maigida mutum ne da ba ya iya ganin dariya a ƙasa bai tsince ta ba. Ya juyo ya dubi abokinsa na ƙuruciya, ya ɗaga murya:

"Ku amshe gula ku ba shi maburgi,
Hannu mai rawa miya shika so."

'Yan amshi suka karɓa, don aikinsu ke nan. Manoma suka fashe da dariya, suka ɗauki baitin suna sara da shi. Matan da ke gefe har da riƙe ciki, wata ma ta ɗaga muciya tana nuna wa mahaifina. Maigida ya ga ta karɓu, ya maimaita, ya ƙara mata gishiri, ya sake maimaitawa. Ni kuwa ina tsaye da kazagi, ni ke riƙe musu ƙafar kiɗan da ake cin mutuncin ubana da shi. Na fara sassautawa. Mahaifina ya ɗago daga sunkuyen da yake ya dube ni, ya ce a hankali, "Kak ka tsai da kiɗi. Mutane na aiki."

Ban tsayar ba. Aka kai ƙarshen gonar da waƙar maburgi. Da aka zauna shan fura, mahaifina ya cire gangarsa ya rataya mini a kafaɗa, ya kama hanyar Bodinga a ƙasa. Bai sake taɓa gula ba har ya bar duniya.

Waƙar ta riga shi isa gari. Yara suka ɗauka, 'yan mata masu talla suka ɗauka, har a wurin daka ana yin ta. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsakiyar taro ya koma zaman zaure. Ya daina zuwa kasuwa. Masallaci yakan shiga da wuri ya zauna a lungu, ana sallamewa ya fice kafin a fara gaisawa. Na taɓa dawowa na same shi yana ƙoƙarin ɓoye hannun a cikin aljihu don wani baƙo ya yi sallama, baƙon kuwa mai gyaran rediyo ne da bai ma san shi ba. Damina kaɗan ya ƙara. Ciwo ne ya kashe shi, na sani, ajali ne, na sani, malamai sun faɗa mini kuma ban musa ba. Amma na ga yadda ya ƙare, kuma na san wanda ya fara rage shi.

Maigida ya zo ta'aziyya da buhun gero, ya zauna a tabarma ya yi kuka da hawaye. Ya ba mutane labarin yadda suka yi yawo su biyu, yadda suka taɓa kwana da yunwa a wani ƙauye. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, ban kuma taɓa jin ya faɗa ba ko da wasa: cewa ya yi kuskure. A wurinsa baiti ne ya zo masa ya yi daɗi. Da zai tafi ya dafa kaina ya ce, "Gangar ubanka tana hannunka, ɗana. Kai ka gadon wurinai." Na ce, "To, Baba." A raina kuwa na yi alkawari cewa sai na tsayar da shi a gaban mutane ana yi masa dariya, yana ji, ba shi da abin yi.

Mutane na tambaya me ya sa na zauna da shi bayan haka. Amsar ba ta da wuya. Ba ni da wata sana'a, ga iyali, kuma wanda ya tafi nesa ba ya ganin ranar da yake jira. Na zauna. Na yi masa kiɗa da gaskiya shekara da shekaru, har ana cewa hannuna ya fi na mahaifina zaƙi, maganar da ba na son ji. Ina gaishe shi a durƙushe. Ina ɗaukar masa buta. Matata ta sha ce mini wai na cika haƙuri, nakan yi murmushi kawai. Ba haƙuri ba ne, jira ne.

A cikin shekarun nan kiɗan ya sauya a hannunmu. Lasifika ta zo, da janareto mai hayaniya da ake ajiyewa a bayanmu. Maigida ya samu abin magana mai doguwar waya, ya ƙara yin gaba, ya bar 'yan amshi can baya, har ta kai idan kana son yi masa magana sai ka taka ka je. Da, ɗan amshi na iya raɗa masa kalma a kunne. Yanzu ba hali. Daga nan aka kawo wani mai fiyano daga Sakkwato, mutum mai son turare, wanda ya ce duk gangunan duniya suna cikin akwatinsa. Ya danna wani abu, sai ga ƙafar kiɗa na tafiya ita kaɗai, ba gajiya ba kuskure. A makon nan aka sallami wanda ya gaje ni a kazagi, ya koma sayar da rake. Kalangu ma bai daɗe ba. Ni kaɗai na rage cikin masu fata da gula, kuma na san dalili. Akwatin na iya riƙe kiɗa har gobe, amma ba ya ganin wanda ya shigo taro.

Sannu a hankali na lura Maigida ya fi da dogara da ni. Da, yakan riga ni wani lokaci, ya hango mutum ya fara waƙarsa ni in bi. Sai ya daina. Ya koma sa baƙin tabarau, wai ado. Ranar nan a wani biki na gwada shi. Wani manomi da Maigida ya yi wa waƙa tun ina goye ya zo ya tsaya a gabansa, kusa har zai iya taɓa shi. Na riƙe taken ban kaɗa ba, na ci gaba da kiɗa haka kawai. Maigida ya yi ta zagaye, yana yabon Allah, yana yabon damina, yana gaida jama'a baki ɗaya, fuskarsa na kallon mutumin amma ba ta san shi ba. Da na saki taken sai ya zabura ya kama waƙar kamar da ma yana sane. Ban ji tausayi ba. Abin da na daɗe ina nema ne ya zo har hannuna.

Shi ma ya gane na gane. Washegari ya kira ni zaurensa, ya kori kowa, ya cire tabarau. Idanun suna nan a buɗe, amma ba sa sauka a kan komai.

"Ɗana, abin ga ya daɗe," in ji shi. "Haske nika gani, da inuwa. Huska kam ta ɓace min. Ba wanda yas sani sai uwargida da babban ɗana, sai kai yanzu."

Na ce, "Allah shi sawwaƙe, Baba."

"In anka ji, na ƙare. Manomi ba murya shika saye ba. So shikai a ce cikin dubu shi anka gani. In sunka san ganga ta ka gaya min, wa ka tasowa? Kuma ka san makaɗan garin ga, kwana guda sun yi min waƙa." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Kai na idona yanzu. Ubanka ya riƙe ni, kai ma riƙe ni."

Da ya ambaci mahaifina sai na ji ɗaci har a harshe. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Daga ranar, kafin kowane wasa nakan zauna kusa da shi in gaya masa su wa suka zo, su wa ba su zo ba, wa ke fushi da wa. Abin da na faɗa shi ne taro a wurinsa. Ban yi gaggawa ba. Ƙananan bukukuwa ba su ishe ni ba, ban son ramuwar da mutum ashirin za su gani su manta. Sai da na ji babban ɗansa na cewa bayan kaka za a kai shi Sakkwato a duba idon, wataƙila a yi masa aiki, sannan na san lokaci ya ƙure mini. Idan ido ya dawo, shi ke nan, na ci gaba da ɗaukar buta har in mutu.

A kakar nan wani babban dillalin albasa a Shagari ya tashi aurar da 'ya'yansa maza, ya gayyaci manoman ƙasar gaba ɗaya, ya ce mu za mu yi wasa da yamma bayan la'asar. A lokacin akwai manyan manoma biyu da ba sa ga maciji da juna. Ɗaya daga wajen Lambara yake, gajere mai tumbi, wanda bai daɗe da samun rawanin Sarkin Noma ba. Ɗayan daga wajen Horo Birni, dogo, shi ma ya nemi rawanin bai samu ba. Maigida yana da waƙar kowannensu. Kuma kamar yadda aka saba, waƙar mutum ba ta cika sai an saka zambon abokin gabarsa a ciki. A waƙar dogon akwai baitocin da aka yi wa gajeren, ba a kama suna, amma ko yaro ya san da wa ake. Ƙa'idar ita ce ba a yin su sai an tabbatar wanda aka yi wa ba ya wurin. Tabbatarwar kuwa aikina ce.

Mun isa Shagari da azahar. Na zaga na ji labari: dogon ya aiko cewa ba zai zo ba, tunda ya ji Sarkin Noma zai zo. Na dawo na tarar da Maigida a inuwar bishiyar dogon yaro yana taunar goro.

"To, idona, su wa muka da su?"

Na lissafa masa mutane, duk gaskiya. Sannan na ce, "Sarkin Noma ya aiko da uzuri, ya tahi Sakkwato. Na Horo Birni dai shina bisa hanya."

Ya yi dariya ya buga cinya. "Yau akwai rago ke nan. Mutumin ga in yaj ji an taɓa gajere, hannunai ba shi tsayawa." Na sha ruwa na je na ɗaure gangata, na gasa fatar a rana har ta yi tsauri yadda nake so.

Fili ya cika. Manya a kan kujeru ƙarƙashin rumfa, samari a tsaye, mata ta bayan zana, yara a kan katanga. Janareto na ruri, fiyano na tafiya, lasifika a kusa da kunnen Maigida. Muka yi wa mai biki, muka yi wa angwaye, muka yi wa wasu manoma. Maigida na cikin jin daɗi, murya ta buɗe, ya yi nisa gaba da wayarsa. Sanƙira ya zaga bayan rumfa karɓar wata kyauta. A daidai nan na hango taro na darewa. Sarkin Noma ne, da sabon rawani, da mutanensa a baya, yana tafe a hankali yana ɗaga hannu. Bai nufi kujera ba. Kai tsaye ya nufo Maigida, don a yi masa waƙarsa ta farko a babban taro tun da aka naɗa shi.

Na gyara tsayuwa, na ɗaga gula, na kaɗa taken dogon Horo Birni. Na kaɗa shi tsaf, da ƙarfi, yadda ba mai cewa hannuna ne ya zame.

Maigida ya cafke. Ya kira dogon da kirarinsa, ya kira ubansa da kakansa, ya yabi gonarsa da rumbunansa. 'Yan amshi suka karɓi baiti na farko don baki ya saba, a na biyu suka fara duban juna, a na uku muryoyinsu suka ragu. Sarkin Noma ya iso ya tsaya a gabansa, hannu a aljihu, murmushin bai gama barin fuskarsa ba, yana zaton wani salo ne da za a juyo kansa. Wani ɗan amshi ya yunƙura zai je, waya ta harɗe masa ƙafa. Maigida ya ji inuwar mutum a gabansa, ya ɗauka mai kyautar rago ne ya iso. Ya matsa kusa da shi, ya nuna shi da hannu don girmamawa, ya saki baitin:

"Gajere mai noma daga inuwa,
Galma ba ta san hannunai ba.
Rawani ya hau, gona ta kwanta,
Tumbi ya cika, rumbu na kuka."

A nan na ɗora tafin hannuna a kan fata na kashe gangar. Mai fiyano ya ga na tsaya, ya rikice ya kashe nasa. 'Yan amshi sun riga sun yi tsit. Muryar Maigida kaɗai ta rage a lasifika, ya maimaita layin ƙarshe shi ɗaya, ba kiɗa ba amshi, har ya ji shirun ya tsaya da baki a buɗe.

Mutanen Sarkin Noma suka yunƙuro. Na zaci duka za a yi, kuma gaskiya ba shi nake so ba, don wanda aka daka yana samun masu tausaya masa. Sarkin Noma ya ɗaga musu hannu. Ya daɗe yana duban Maigida. Sannan ya miƙa hannu a hankali ya cire masa tabarau, ya kaɗa yatsunsa a gaban idanunsa. Idanun ba su motsa ba. Abin magana na nan kusa, don haka kowa ya ji abin da ya ce.

"Ashe makaho na. Ku ƙyale shi, bai san gaban wa shike ba. Wani shi kama mai hannu shi hid da shi."

Dariyar ta fara daga kan katanga, ta gangaro cikin samari, ta shiga rumfa. Manya na rufe baki da hannun riga. Wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Wani ya kwaikwayi yadda ya nuna Sarkin Noma da hannu, aka sake fashewa. Maigida na tsaye a tsakiyar fili, yana juya kai dama da hagu, yana laluben iska, yana kiran "idona, idona" a hankali, lasifika na kai wa kowa. Ina tsaye taku kaɗan daga gare shi. Ban amsa ba. Daɗi na ji, daɗi mai sanyi tun daga ƙirji har tafin ƙafa, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar aurena. Na dube shi sosai don kada in manta komai.

Wani ɗan amshi ne ya ja shi zuwa mota. Babban 'yan amshi ya dawo kaina yana huci, ya ce, "Kai, mi kac ci? Ba ka ga ko wa na ba?" Na ce, "Na gani sarai." Ya dube ni. Shi kam ya daɗe cikin ƙungiyar, yana gonar Danchadi a wancan hantsin, bakinsa na cikin waɗanda suka karɓa. Ya juya ya nufi mota. Na rataya gangata na hau ɗan kabu-kabu na koma Bodinga tun rana ba ta faɗi ba.

Abin da ya biyo baya ban yi mamakinsa ba. Ƙungiya ta watse. Mai fiyano ya kwashe akwatinsa ya koma birni. Ni ma ba wanda ya sake kira na, don labari ya fita cewa da gangan na yi, kuma ba mai waƙar da zai tsaya a gaban gangar da ta taɓa yin ƙarya. Dattawan unguwa suka zo suka yi mini faɗa, wai amana ce na ci. Na saurare su har suka gama, na tambaye su ko akwai wanda ya taka ya je wurin Maigida ya yi masa irin wannan faɗan lokacin da ubana ke ɓuya a zaure. Suka ce ai wancan wasa ne. Na ce to nawa ma kiɗa ne. Matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, ta ce na ƙona abincin gidan don in ji ɗumi. Da gaskiyarta. Na samu ɗan fegi a fadama na koma noman albasa, bayana na ciwo, hannuna ya yi kanta a inda bai saba ba. Ban taɓa kwana ina cewa da na sani ba.

An kai shi Sakkwato kamar yadda aka shirya. Likitoci suka ce an makara, ba abin da aiki zai gyara. Bayan ya dawo da 'yan makonni ya aiko babban ɗansa wai yana son ganina. Na je da safe, don in ga yadda ya koma. Ɗan ya kai ni zaure ya fita. Maigida na zaune a kan buzu, ba tabarau, ba babbar riga, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Na zauna a tabarmar da ke gabansa na gaishe shi yadda aka saba.

"Na san don mi kay yi," in ji shi. "Ban kira ka don wannan ba."

Na ce a raina, idan ya faɗi kalmar nan guda, cewa ya yi kuskure, ko yanzu ne, zan ji ta.

"Akwai wani mutum wajen Danchadi, ya ce in damina ta kama shina son gayya, irin ta dauri, ba na'ura. Ya ce in zo ko hakanan nike. In nit tsaya gona guda niy yi waƙa daidai, mutane na mance Shagari. Amma ba mai sauran taken mutanen ga a hannu sai kai. Yaran yanzu ba su san su ba." Ya gyara zama. "Kai ka rama, ni na sha. Mun yi daidai. Abin da yaw wuce ya wuce, baiti guda na, kuma ko ubanka da shina da rai ya san halin waƙa. In ta zaka ba a riƙe ta."

Baiti guda. Har yanzu abin da ya ɗauke shi ke nan. Ya ci gaba da magana, muryarsa na karyewa, yana cewa ba shi da kowa, yana cewa gida ya yi masa duhu, yana cewa shi ya ɗauke ni a kafaɗa ranar sunana. Ya miƙo hannu yana neman nawa, bai kai ba. Na dubi hannun, shi ma ya fara rawa.

Na tashi a hankali yadda tabarma ba za ta yi ƙara ba. Na ɗauki takalmana a hannu, na taka a ƙasa har bakin ƙofa. Na tsaya nan kaɗan ina kallonsa. Yana fuskantar inda na tashi, ya sassauta murya, yana cewa, "Ɗana, ka yi shiru. Yi min magana ko guda. Ka zo mu tahi, ko sau ɗaya." Na fita na sa takalmana a waje. Har na kai kwanar masallaci ina jiyo shi yana roƙon tabarmar.